Tambaya da Amsa: Sayen Gida a Najeriya Daga Ƙasar Waje, Ina Ake Buga wa Takardu Hatimi?

Wasiƙun da muka zaɓo a wannan fitowa duk daga 'yan'uwa mazauna ƙetare suka zo, masu son mallakar gida ko fili a Najeriya ba tare da sun baro wurin neman abincinsu ba. Lauyoyin da ke kula da wannan shafi ne suka amsa. Mun taƙaita wasu tambayoyin, mun kuma cire sunaye.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina aiki a Jidda, kuma na samu gida a Kano da nake son saye. Ƙanena ne zai tsaya mini a cinikin. Lauyan da muka ɗauka ya ce sai na aiko da takardar wakilci wadda notari ya buga wa hatimi. Wane ne notari, kuma a ina zan same shi a nan?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Notari mutum ne da hukuma ta ba izinin shaida sa hannu. Zai duba fasfonka, ya tabbatar kai ne mai sunan, ya ga ka sa hannu da kanka ba bisa tilas ba, sannan ya rubuta shaidarsa ya buga hatimi. Abin da hatimin ke faɗa bai wuce wannan ba: wane ne ya sa hannu, a ina, kuma yaushe. Notari bai san gidan ba, bai san mai sayarwa ba, bai kuma duba ko takardun gidan na gaskiya ne ba. Mun fara da wannan ne domin mutane da yawa da zarar sun ga jan hatimi sai hankalinsu ya kwanta su saki kuɗi.

Lauyanka yana da dalilin nacewa. Sashe na 150 na Dokar Shaida ta 2011 ya ce idan an sa hannu a takardar wakilci a gaban notari, ko alƙali, ko majistare, ko jami'in jakadancin Najeriya, kuma ya shaida ta, to kotu za ta ɗauka cewa an yi ta daidai. Duk wanda ya musa, shi zai kawo hujja. Idan babu wannan shaidar, ranar da rigima ta taso kai ne za a ce ka tabbatar hannunka ne, ga shi kana wata ƙasa.

Hanya biyu gare ka. Ta farko, kuma ita muka fi so, lauyan Kano ya rubuta takardar da Turanci ya turo maka ta imel, ka buga ta, ka kai ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya da ke Jidda, ko babban ofishin da ke Riyad, ka sa hannu a gaban jami'insu. Kada ka sa hannu tun daga gida. Wannan shi ne kuskuren da aka fi yi, kuma jami'in da ya san aikinsa ba zai shaida hannun da bai ga an sa ba. Ka kira su tukuna ka ji ranar da suke karɓa da kuɗin da ake biya, ka tafi da fasfo da igama, wato katin izinin zama a Saudiyya, da kwafinsu, da hotuna, da mutum ɗaya baligi mai katin shaida wanda zai tsaya a matsayin shaida.

Ta biyu ita ce ta hukumar Saudiyya, wato takardar wakilcin da katibul adli, notarin gwamnatinsu, ke bayarwa a ƙarƙashin ma'aikatar shari'arsu. Tana da ƙarfi a can, amma da Larabci take fitowa, kuma ana zaɓar sharuɗɗanta ne daga jerin da aka riga aka tsara, wanda ba lallai ya dace da abin da ofishin filaye na Kano ke son gani ba. Sai an kai ta ma'aikatar harkokin wajensu, an fassara ta wurin mai fassara mai lasisi, sannan ofishin jakadancin Najeriya ya buga nasa hatimin. Ta fi tsawo, ta fi tsada.

Abin da ke cikin takardar ya fi hatimin muhimmanci. Ka karanta ta layi-layi kafin ka fita daga gida. Sunanka ya zama daidai da yadda yake a fasfo, harafi da harafi. Idan fasfo ya ce Muhammad, takarda ta ce Mohammed, ko an sa sunan mahaifi a gaba a nan an sa shi a baya a can, ana iya dawo da fayil daga ofishin filaye bayan watanni. A sa cikakken sunan ƙanenka da lambarsa ta NIN. A fayyace gidan: lambar fili, unguwa, ƙaramar hukuma, lambar fayil da lambar takardar shaidar mallaka idan akwai. A lissafa abin da ka ba shi iko a kai: ya sa hannu a takardar miƙa mallaka da sunanka, ya nemi amincewar gwamna, ya biya kuɗaɗen hukuma, ya karɓi takardu. Sannan a rubuta ƙarara cewa ba shi da ikon sayarwa, ko jinginarwa a banki, ko kyautarwa, ko naɗa wani wakili a madadinsa. A sa wa'adi, wata 12 ya isa, idan aiki bai ƙare ba a sabunta. Idan ka ga jimla mai cewa wakili zai iya yin duk abin da kai za ka iya yi a kan dukiyarka, ka sa a cire ta. Ba zargin ƙanenka ba ne. Takarda tana iya faɗawa hannun wani, kuma abin da ke rubuce shi kotu ke karantawa.

Ka sa hannu a kan kwafi uku ko huɗu na asali, kowanne da hatiminsa, domin ofishin filaye zai riƙe ɗaya. Ka aika ta kamfanin aika saƙo mai lambar bibiya. Da ta iso, lauya ya kai ta a biya harajin kan sarki cikin kwana 30 don kauce wa tara, sannan a yi mata rajista a ofishin filaye, tunda takarda ce da ta shafi ƙasa.

Wani abu kuma: tambayi lauyanka ko ana ma buƙatar wakilcin. Sau da yawa ya fi sauƙi a aiko maka da takardar miƙa mallakar kanta, ka sa hannu a gaban jami'in jakadanci, ka mayar. Ƙanenka sai ya tsaya a kan zirga-zirga kawai.

TAMBAYA: Ni ma'aikaciyar jinya ce a New York. Na kai takardar wakilcina banki, notarinsu ya buga hatimi cikin minti biyar. Wata ƙawata ta ce sai na ƙara da afostil kafin a karɓa a Kaduna. Gaskiya ne?

AMSA: Hajiya, ƙawarki ta kusa gaskiya amma ba ta kai ba. Afostil takardar shaida ce da ƙasashen da suka shiga yarjejeniyar Hague ta 1961 ke karɓa a tsakaninsu, hatimi ɗaya ya wadatar. Najeriya ba ta cikin wannan yarjejeniya, don haka afostil shi kaɗai ba ya gama aiki. Abin da ake yi shi ne bin tsani, kowane ofishi yana shaida hannun na ƙasa da shi.

A New York, bayan notari sai magatakardan gundumar da notarin ya yi rajista, ya tabbatar lasisinsa na nan. Daga nan sai ofishin sakataren jiha. A fom ɗinsu akwai gurbin ƙasar da za a yi amfani da takardar, ki rubuta Najeriya, su kuma za su ba ki takardar tabbatarwa irin ta ƙasashen da ba sa cikin yarjejeniyar. Sai ma'aikatar harkokin wajen Amurka a Washington, da fom mai lamba DS-4194 da dala 20 a kan kowace takarda. Ƙarshe ofishin jakadancin Najeriya, ko na Washington, ko ƙananan ofisoshin New York da Atlanta. Ki fara tambayar ofishin New York ko za ki iya zuwa ki sa hannu a gabansu kai tsaye, domin hakan zai rage miki matakan tsakiya.

Ki lura da bambanci ɗaya. A Amurka ba lallai notari ya zama lauya ba. Ma'aikacin banki ko na shagon aika saƙo yana iya zama notari, kuma abin da doka ta yarda ya karɓa a New York dala 2 ne, a Kalifoniya dala 15. Ba zai karanta miki takardar ba, ba zai gaya miki ko ta cuce ki ba. A Ingila kuwa notari masanin doka ne mai horo na musamman, kuɗinsa ma ya fi yawa nesa ba kusa ba. Masu karatu da ke can, bayan notari sai ofishin tabbatar da takardu na ma'aikatar harkokin wajen Birtaniya da ke Milton Keynes, sannan ofishin jakadancin Najeriya a Landan.

A gaban kotu, shaidar notari kaɗai ta shiga cikin abin da sashe na 150 ya ambata. Amma ma'aikacin ofishin filaye ko na banki ba shi da hanyar gane hatimin wani notari na unguwar Bronx da ke New York, hatimin ofishin jakadancin ƙasarsa ya sani. Saboda haka lauyanki ya je KADGIS, wato ofishin filaye na jihar Kaduna, ya tambaya takamaimai abin da suke karɓa kafin ki kashe kuɗi.

Abubuwan da suka fi sa a dawo da takarda ƙanana ne: lasisin notari ya ƙare kafin ranar da ya buga hatimi, ko ya buga hatimi bai rubuta jimlar shaida ba, ko an bar gurbin kwanan wata babu komai. Akwai kuma cire ƙusar da aka haɗa shafuka da ita don a yi fotokwafi. Kada ki cire ta ko sau ɗaya. Ramin da ta bari yana sa a yi zaton an sauya shafi, sai a ce ki sake daga farko.

TAMBAYA: Ina zaune a Dubai. Na samu fili a Abuja, mai sayarwa ya ce ba sai mun wahala da takardar miƙa mallaka da amincewar minista ba, zai ba ni takardar wakilci wadda ba a sokewa, notari ya buga mata hatimi, kuma haka kowa ke yi a Abuja. In yarda?

AMSA: Alhaji, kada ka tsaya a kan wannan takardar kaɗai. Gaskiya ne ana yawan yin haka a Abuja, AGIS ma, wato hukumar rajistar filaye ta Abuja, tana yi wa irin waɗannan takardu rajista, kuma mutane na bin hanyar ne saboda ta fi arha da sauri. Amma Kotun Ƙoli ta yanke tun 1993, a shari'ar Ude da Nwara, cewa takardar wakilci ba ta miƙa mallaka. Izini ne kawai da mai abu ya ba wani ya yi aiki a madadinsa. Idan ita ce kaɗai a hannunka, a idon doka kai wakilin mai filin ne, sunansa ne a fayil. Kasancewar ka biya kuɗi kuma ba a soke ta yana kare ka zuwa wani mataki, amma ranar da za ka sayar, ko ka nemi bashi da filin, ko magadanka su zo rabo, za a koma neman mutumin da ƙila ya rasu ko ya ɓace.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ita ce tushe. Sashe na 22 ya hana mai takardar mallaka ya miƙa haƙƙinsa ga wani ba tare da amincewar gwamna ba, a Abuja kuwa ministan babban birnin tarayya. Sashe na 26 ya ce cinikin da ya saɓa wa dokar ba shi da inganci. A shari'ar bankin Savannah da Ajilo a 1989, Kotun Ƙoli ta rushe jingina sukutum saboda rashin wannan amincewar. Babu hatimin notari da ke maye gurbinta.

Abin da za ka nema shi ne duka biyun a rana ɗaya: takardar miƙa mallaka da mai sayarwa ya sa wa hannu, da takardar wakilcin da za ta ba ka damar kula da filin kafin amincewa ta fito. Haɗe da su ya sa hannu a wasiƙar neman amincewar minista, ya ba da kwafin katin shaidarsa da hotuna, ya kuma miƙa takardun asali duka. Idan kuɗi suka riga suka shiga hannunsa kafin ya sa hannu a waɗannan, nemansa zai zama aiki.

Kafin wannan duka akwai bincike. Lauyanka, wanda kai ka ɗauka kake biya, ba na mai sayarwa ko na dillali ba, ya nemi rahoton bincike a AGIS. Rahoton zai nuna sunan da ke fayil, girman filin, abin da aka ware shi dominsa, da ko akwai jingina, ko gargaɗin kotu, ko an soke shi. A duba bashin harajin ƙasa. A watan Maris na 2025 hukumar Abuja ta sanar da soke takardun filaye 4,794 saboda masu su sun haura shekara 10 ba su biya ba, kuma takardar da aka soke tana nan a hannun mai ita fes kamar ba abin da ya same ta. Safiyo ya je da na'urarsa ya gwada lambobin iyaka da abin da ke taswirar, domin nuna wa mai saye fili mai kyau a ba shi takardar wani daban tsohuwar dabara ce, kuma mazauna waje da ke ganin fili ta bidiyo su ta fi ci. Ka sani kuma a Abuja minista ne kaɗai ke da ikon ba da fili. Takardar sarkin ƙauye ba ta ba da mallaka a can, ta ƙaramar hukuma kuwa sai an ga matsayinta a AGIS.

TAMBAYA: Na ji an ce yanzu ana iya yin notari ta bidiyo da lauyan Najeriya. Ina Malesiya, ofishin jakadanci ya yi mini nisa.

AMSA: Haka ne, ɗan'uwa. Sabuwar dokar notari ta 2023 ta yarda da shaida ta na'ura, inda notari zai gan ka ta bidiyo, ya duba katin shaidarka, ya sa hatimin lantarki. A Najeriya notari lauya ne da Alƙalin Alƙalai na ƙasa ya naɗa, kuma sunansa na cikin rajistar Kotun Ƙoli, don haka ka nemi shaidar naɗinsa. Sai dai ofisoshin filaye da dama har yanzu takarda mai tawada suke sakawa a fayil. Lauyanka ya tambayi ofishin jihar da filin yake kafin ka zaɓi wannan hanya.

TAMBAYA: Daga Manchester nake rubutowa. Gidan da zan saya a cikin birnin Zariya na gado ne. Magada tara ne, ɗaya yana karatu a Masar, biyu yara ne, mahaifiyarsu kuma ba ta karanta boko. Babban wansu ya ce shi zai sa hannu a madadin kowa, za a kai wa notari.

AMSA: Malam, notari zai shaida cewa babban wa ya sa hannu, shi ke nan. Ba zai mayar da hannu ɗaya ya zama tara ba. Kowane magaji yana da kasonsa, kuma wanda bai yarda ba yana iya tasowa bayan shekaru ya nemi a warware cinikin, ko da ka rushe ka yi sabon gini.

Fara da takardar kotun shari'ar Musulunci da ta yi rabon gadon ko ta ba da izinin sayarwa. Ita za ta nuna su wane ne magada da kason kowa, kuma lauyanka ya je kotun da kansa ya karɓo kwafin da magatakarda ya tabbatar. A nan ne ake gano ko akwai wata matar ko wasu 'ya'yan da ba a ambata maka ba. Kowane baligi ya sa hannu da kansa, mata da maza. Na Masar ya yi takardar wakilci a ofishin jakadancin Najeriya da ke Alƙahira, yadda muka bayyana a amsar farko, a ambaci gidan da ikon sayar da kasonsa da karɓar kuɗinsa. Cewa ya amince ta waya ko ta saƙon murya na WhatsApp ba ya isa. Kason yaran kuwa sai da waliyyinsu da izinin alƙali, a rubuce.

Game da mahaifiyar, doka ta tanadi kariya ga wanda ba ya karanta harshen da aka rubuta takarda da shi. Dole a ƙara sakin layi mai cewa an karanta mata takardar, an fassara mata da Hausa, ta nuna ta fahimta kafin ta dangwala yatsa, tare da suna da adireshi da sa hannun wanda ya fassara. A yi wannan a gaban majistare. Idan aka tsallake, ita ko 'ya'yanta suna da ƙofar cewa ba ta san abin da ta dangwala ba.

Yawancin gidajen cikin birni ba su da takardar gwamna, sai takardar ciniki mai hatimin mai unguwa da dagaci ko hakimi. Tana da amfani sosai wajen sanin tarihin gida da iyakokinsa da maƙwabta, a karɓe ta, amma bayan ciniki ka nemi takardar mallaka a KADGIS da sunanka. Kuɗi kuma su bi ta banki, zuwa asusun da aka rubuta a yarjejeniyar, da bayanin abin da aka biya. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5 ba ta banki ba. La'adar dillali a rubuta ta daban da rasidinta.

TAMBAYA: Shekara huɗu da suka wuce na turo kuɗi daga Italiya aka saya mini fili a Katsina. Don sauƙi aka sa sunan yayana a takardu. Babu wata matsala tsakaninmu, amma hankalina bai kwanta ba.

AMSA: Ka gyara yanzu da kuke lafiya lau. Idan yayanka ya rasu, filin zai shiga lissafin gadonsa, 'ya'yansa kuma ba su san yadda aka yi ba. Idan bashi ya hau kansa, masu bin sa na iya kama filin. Kotu tana iya yarda cewa amana ce yake riƙe maka idan ka nuna kai ka biya, amma shari'a ce mai tsawo da ɗan'uwa ko marayunsa.

A wannan makon yayanka ya je gaban notari ko kwamishinan rantsuwa a babbar kotu, ya yi takardar rantsuwa cewa da kuɗinka aka sayi filin kuma amana yake riƙewa, a fayyace filin, shaidu biyu daga dangi su sa hannu. Ayar bashi a Suratul Baƙara ta yi umarni da rubutawa da kafa shaida a ciniki, don haka ba abin jin nauyi ba ne ka nema. Kai kuma ka tattara rasidan turo kuɗin da saƙonnin da kuka yi a lokacin, ka adana kwafinsu a wuri biyu.

Wannan matakin wucin gadi ne. Gyara na dindindin shi ne sabuwar takardar miƙa mallaka daga yayanka zuwa gare ka, a nemi amincewar gwamna, a biya harajin kan sarki da kuɗin rajista karo na biyu. Naka sa hannun za ka yi shi a ofishin jakadancin Najeriya da ke Rum. Idan ka taɓa ba wani takardar wakilci a kan wannan fili, ka soke ta a rubuce a gaban jami'in, a kai wa wakilin kwafi ya sa hannu ya karɓa, a kuma shigar da sokewar a ofishin filayen da aka yi wa ta farko rajista. Muddin sokewar ba ta shiga fayil ba, wanda ya yi ciniki da tsohon wakilin bisa rashin sani yana da hujjar da zai riƙe a kotu.